Fita Daji Da Ƙarfin Zuciyar 'Yan Wasan Makaranta

Lacca domin malaman makaranta da iyayen yara na Kongolam da kewayenta

Malaman da su ke lura da wasanni a makarantun ƙasar Daura suna da wani kuka wanda ba su gajiya da maimaitawa. Su kan ce, ga yaro a gida ba mai kama shi a gudu, ba mai kai bayansa ƙasa a kokawa, in ya ɗauki ƙwallo sai an taru a kansa. Amma ran da aka sa shi a mota aka kai shi Daura, ko Katsina filin wasa na Muhammadu Dikko, ya ɗaga kai ya ga taron da bai taɓa gani ba, ya ji an kira sunansa da lasifika, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Ƙafafun nan su ne na jiya, huhun nan shi ne na jiya. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ƙarfin zuciya. Maganar da za a yi a nan kuwa ita ce, shin ana iya koya wa yaro wannan abu? In an fitar da 'yan wasan makaranta zuwa daji ko dutse na 'yan kwanaki, kamar yadda a ke yi a waɗansu wurare, su kan komo da shi?

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin iyaye suna da hujja in sun yi ɗari-ɗari. Kwanakin da yaro zai yi a daji kwanakin karatu ne ko na taimakon gida, tafiyar tana cin kuɗi, kuma ɗan da aka bayar amana tilas a mayar da shi da lafiyarsa.

Mene Ne Ƙarfin Zuciya?

Masu sauraro da yawa za su tuna da gasar Olamfik ta 1996 a Amurka, ranar da 'yan ƙwallon Nijeriya suka kara da Brazil. An tafi hutun rabin lokaci Brazil tana da ci 3, Nijeriya tana da 1. Haka aka yi ta bugawa har saura minti 12 a tashi, mutane da dama sun kashe rediyo sun kwanta. Sa'an nan Ikpeba ya ci, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ƙara wata cikin ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Bayan 'yan kwanaki suka doke Ajantina 3 da 2 suka ɗauki zinariya. Gwaninta tana nan a ɓangarorin biyu. Abin da ya raba gardama shi ne mutane goma sha ɗaya sun ci gaba da wasa cikin natsuwa a lokacin da kowa ya fid da tsammani.

Masana halin ɗan Adam sun yi ƙoƙarin tsinka wannan hali gaɓa-gaɓa. Wani malami a Ingila, Peter Clough, tare da abokan aikinsa, ya bayyana a 2002 cewa ƙarfin zuciya yana tsaye bisa ƙafa huɗu. Ta farko mallakar kai, watau mutum ya riƙe fushinsa da tsoronsa, ya kuma yarda cewa abin da ya aikata yana da tasiri a kan abin da zai same shi. Ta biyu naci, watau cika abin da aka ɗauka ko da ya daina daɗi. Ta uku ɗaukar abu mai wuya a matsayin dama ta gwada kai. Ta huɗu amincewa da iyawar kai, har mutum ya iya buɗe baki cikin jama'a. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yana da haƙuri, da jimiri, da dauriya, da ƙarfin hali, kowanne da wurinsa.

Amma fa a kiyaye, ƙarfin zuciya dabam, taurin kai dabam. Yaron da ya ji targaɗe ya ɓoye ya ci gaba da gudu har ƙafar ta lalace, taurin kai ya yi. Haka wanda aka kayar ya tashi da faɗa. Mai ƙarfin zuciya ya kan faɗi, ya karkaɗe jikinsa, ya tambayi kansa inda ya yi kuskure.

Abin Da Aka Gada

Fitar da samari daga gida domin su yi ƙwari ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Farautar rani ta gayya makaranta ce: a fita da asuba da sanduna da karnuka, a wuni cikin rana da ƙaya, ƙarami ya ga yadda babba ke yi in kura ta tashi. Kiwo makaranta ne. Fatauci kuwa ya fi su duka, gama yaron da ya bi ayari daga Daura zuwa Damagaram, ko ya miƙa har Gwanja neman goro, ya kan komo wani mutum dabam. Fulani suna da shaɗi, inda saurayi zai tsaya a zuba masa tsumagiya bai motsa ba. Mahauta suna da dambe. Kokawa kuwa, mutanen Kongolam ba su bukatar a ba su labarinta, tun da ga Nijar nan a ƙofar gida, inda a ke gasar takobi ta ƙasa tun 1975, lokacin da Kantu na Maradi ya fara ɗauka a Tawa.

Saboda haka wajibi ne a fahimci wani abu tun da wuri, in ba haka ba duk shirin zai tafi a karkace. Yaron Kongolam ba wahala ya rasa ba. Ya yi noma da damina, ya ja guga da rani, ya kora dabbobi zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ya komo da ƙafa. In aka ɗauke shi aka ce ya yi tafiyar mil goma cikin rana don ya koyi jimiri, dariya zai yi a zuci, domin an ba shi darasin da ya haddace tun yana ɗan shekara bakwai. Abin da ya rasa shi ne sabo da abin da bai sani ba: wurin da bai taɓa takawa ba, mutanen da ba su san ubansa ba, tsoron da bai taɓa ɗanɗanawa ba, da kuma ranar da za a ce shawara tana hannunsa, in ya kuskure kowa ya sha. Su ne kuwa ainihin abubuwan da ke jiransa a babban filin wasa.

Daga Bakin Teku Zuwa Duwatsun Jos

Irin horon da a ke magana a kansa ya samo asali ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Jiragen yaƙin Jamus suna nutsar da jiragen kaya na Ingila, matuƙa su kan faɗa ƙananan jiragen ceto su yi kwanaki a teku. Wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura da abin mamaki: samari majiya ƙarfi su ne ke saurin mutuwa, dattawan matuƙa kuwa su kan jure har a cece su. Ya fahimci dattawan sun sha shiga uku sun fita, sun san mutum ya kan kai inda ya ke zaton ƙarshensa ke nan, ashe da sauransa. Ya haɗa kai da wani malami Bajamushe, Kurt Hahn, wanda ya baro ƙasarsa a 1933 saboda mulkin Hitila. A 1941 suka buɗe makaranta a Aberdovey, bakin teku a ƙasar Wales, suka kira ta Outward Bound. Samari su kan yi kusan wata guda suna tuƙin jirgi, da hawan duwatsu, da koyon ceton wanda ya shiga haɗari.

Bayan shekara 10, a 1951, wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa irinta domin samarin Nijeriya. Wurin da aka zaɓa wani lungun teku ne kusa da garin Biktoriya, wanda yanzu a ke kira Limbe, a Kudancin Kamaru, wadda a lokacin a ke mulkinta tare da Nijeriya. Sunan wurin Man O' War Bay, saboda jiragen yaƙin Ingila da su kan tsaya can a zamanin da su ke tare jiragen masu fataucin bayi. Daga nan sunan Man O' War ya fito. Aka riƙa tara malaman makaranta, da akawuna, da ma'aikatan En'e, da 'yan sanda, daga Arewa da Gabas da Yamma, a gauraya su rukuni-rukuni. Su koyi iyo da tuƙin kwalekwale, su hau Dutsen Kamaru mai tsawon ƙafa dubu 13 da ɗoriya, inda sanyi ke ratsa ƙashi, sa'an nan su shiga ƙauyuka su yi aikin gayya da hannunsu, kamar gina gada ko gyaran hanya. A tuna fa, galibin 'yan Arewan da aka aika ba su taɓa ganin teku ba. Mutumin da iyakar ruwan da ya sani tafkin bayan gari ne, aka ce ya faɗa cikin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, wannan shi ne gwaji na ƙwarai a gare shi, ko da ya fi kowa juriyar ƙishirwa.

A 1960 Gwamnatin Tarayya ta yi wa makarantar doka, ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanni. Da Kudancin Kamaru ta zaɓi rabuwa da Nijeriya a 1961, aka kwaso makarantar zuwa Kurra Falls a Filato. Daga baya aka kafa makarantar dutse a duwatsun Shere gabas da Jos, da makarantar teku a Apapa ta Ikko, aka kuma buɗe rassa a waɗansu wurare, har da Fika a Jihar Yobe da Kwatarkwashi a Jihar Zamfara. Ƙungiyoyin Man O' War na makarantu 'ya'yanta ne, haka kuma horon igiya da tsallake katanga da a ke yi wa masu hidimar ƙasa a sansaninsu na mako uku, hidimar da aka kafa a 1973.

Abin Da Daji Ke Yi Wa Ɗan Wasa

A ɗauki misalin yaro mai gudun mita 400 da aka ɗaura wa igiya a ƙugu, aka ce ya sauko daga kan dutse da baya. Igiyar tana hannun malami, an kuma gwada ta, ba abin da zai same shi. Amma jikinsa bai san haka ba. Gabansa na faɗuwa, bakinsa ya bushe, tafin hannunsa ya jiƙe, ƙafarsa na rawa. Waɗannan alamu su ne daidai waɗanda ke zo masa a bakin layi kafin a busa usur. Bambancin kawai, a kan dutse ba mai yi masa ihu, ba agogon da ke korarsa. Yana da sarari ya tsaya, ya ja numfashi, ya sauke ƙafa ɗaya, sa'an nan ɗaya. In ya taka ƙasa, ya koyi abin da baki ba ya koyarwa, watau tsoro ya kan zo ya wuce, kuma mutum na iya aiki daidai alhali gabansa na faɗuwa. Gobe a ƙara masa tsawo kaɗan. Da rarrafe yaro kan tashi. Sirrin duka yana cikin wannan ƙari kaɗan-kaɗan, domin in aka fara shi da inda ya fi ƙarfinsa, tsoron zai ƙaru ne, ya kuma tafi da shi gida.

Abu na biyu, daji ba shi da alkalin wasa da za a ɗora wa laifi. Kowa ya san halin 'yan ƙwallo in an ci su: alƙali ya yi son kai, fili ba kyau, mai tsaron gida ya yi barci. To, rukunin yara takwas da aka ba taswira, da garwar ruwa, da mudun shinkafa, aka ce su isa wuri kaza kafin la'asar, in sun ɓata hanya su suka ɓata, in sun shanye ruwa tun hantsi su za su ji ƙishirwa, in sun ƙona abinci shi za su ci. Ba kuma a canjin ɗan wasa. Wanda ya gaji ba benci da zai koma, sai 'yan'uwansa su raba kayansa su rage sauri. Nan yaro ke fara gane cewa tsakanin abin da ya yi da abin da ya same shi akwai igiya, wannan kuwa ita ce mallakar kai da aka ambata ɗazu.

Akwai kuma wani amfani da malaman wasa su kan yi mamakinsa. Daji ya kan birkita matsayi. Gwanin cin ƙwallo da kowa ke yi wa kirari ya kan zama shi ne mai rawar jiki a kan dutse, ɗan ƙaramin nan da ba a sa shi wasa sai an rasa mutum ya zama shi ya iya karanta taswira, ko hura wuta cikin iska. Gwani ya koyi karɓar taimako, wanda aka raina ya koyi ba da umarni. Shugabancin rukuni ya kamata ya riƙa zagayawa kullum don kowa ya ɗanɗana nauyinsa. Da dare, bayan sallar lisha, malami ya zaunar da su ya tambaye su ɗaya-ɗaya: ina ne zuciyarka ta ce ka bari, me ka gaya mata, wa ya taimake ka? Wannan hira ta rabin sa'a ita ke mayar da gajiyar yini ta zama ilmi. In babu ita, yawo kawai aka yi.

Abin Da Bincike Ya Nuna

A 1997 wani masanin ilmi, John Hattie, da abokan aikinsa uku, suka tattara bincike 96 da aka yi a kan irin waɗannan makarantun daji, wanda ya shafi mutum fiye da dubu 12, suka auna su gaba ɗaya. Suka sami cewa lalle akwai amfani, matsakaici, ba mai yawan gaske ba, kuma ya fi bayyana a wajen dogaro da kai, da amincewa da kai, da iya yanke shawara. Abin da ya fi jan hankali shi ne, da aka sake auna mutanen bayan watanni, sai aka tarar amfanin bai zube ba, ya ma ƙaru, alhali galibin darussan makaranta su kan fara dushewa da zarar an rufe littafi. Sun kuma ga cewa horon da ya wuce kwana 20 ya fi gajere tasiri, manya sun fi 'yan makaranta ƙaruwa, kuma tsakanin shiri da shiri akwai rata mai faɗi, waɗansu sun yi amfani ƙwarai, waɗansu kusan babu.

Wannan sakamako yana ƙarfafa gwiwa, amma kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Yawancin binciken a Ostareliya da Amurka aka yi shi, cikin mutanen da rayuwarsu ba irin ta nan ba ce. Awon kuma galibi da takardar tambayoyi ne, mutum ya faɗi yadda ya ke ganin kansa, ba a ƙidaya ƙwallayen da ya ci bayan ya komo ba. Malamin da ya yi wa hedimasta alkawarin kofi saboda an kwana uku a daji ya yi gaggawa. Ƙwallo a fili a ke koyonta, gudu a kan layi. Abin da daji ke bayarwa shi ne zuciyar da za ta bar yaro ya fitar da abin da ya riga ya koya.

In kuwa aka ɗauka wahala ita kanta ce magani, ga abin da ya faru a Afirka ta Kudu. A 2003, kafin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon zari-ruga, aka kai 'yan wasan ƙasar wani sansani a daji da aka kira Kamp Staaldraad, wai don a ƙarfafa zukatansu. Aka tuɓe su, aka sa su rarrafe a kan tsakuwa, aka cusa su cikin rami ana kwarara musu ruwan sanyi, aka tura su cikin tafki mai tsananin sanyi. Waɗannan ƙarti ne, gwanayen ƙasa guda. Da aka je gasar, Ingila ta doke su, Niyu Zilan ta fitar da su da ci 29 da 9 tun kafin wasan kusa da na ƙarshe. Da hotunan sansanin suka fito, ƙasar ta ɗauka da tir, mai horar da su Rudolf Straeuli ya ajiye aiki kafin shekarar ta ƙare.

Ba sai an je Afirka ta Kudu ba kafin a ga irin wannan. Duk inda aka bar manyan ɗalibai su yi wa ƙanana tsallen kwaɗo da bulala da sunan horo, ko aka hana yaro ruwa don a ga ƙarfinsa, ko aka yi masa dariya gaban 'yan'uwansa don ya ji tsoro, wulaƙanci aka koya masa. Yaron da aka wulaƙanta ya kan koyi ɓoye rauninsa da jiran ranar da shi ma zai rama a kan na ƙasa da shi. Ma'aunin mai sauƙi ne: a makarantar ƙwarai dutse da rana da nisa su ne abokan gaba, malami yana gefen yaro.

Yadda Za A Yi A Ƙasar Kongolam

Makarantar da ta sami halin aika 'yan wasanta Shere, ta hanyar Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina, ta yi dace, domin can akwai duwatsu da igiyoyi da malaman da aikinsu ke nan, ga sanyi da baƙin fuskoki. Amma kaɗan ne za su iya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a aika malami ɗaya ko biyu su sami horo, su komo su shirya abin da ya dace da nan. Ƙasar Kongolam shimfiɗaɗɗiya ce, mai rairayi da gonaki, saboda haka baƙon abu sai an ƙirƙiro shi. Ana iya gauraya yaran makarantu uku ko huɗu, na Kongolam da na Mai'aduwa da na cikin birnin Daura, yadda ba wanda zai kwana da abokinsa. Ana iya ba su taswira su nemi hanya tsakanin ƙauyukan da ba su sani ba, su yi sallama da mai gari su bayyana kansu da bakinsu. Su dafa abincinsu, su kafa tantinsu, su koyi ɗaukar wanda ya ji ciwo a kan makara ta sanduna. Kuma kada a manta da aikin gayya irin na Man O' War Bay: dashen itatuwa a bakin makaranta, ko yashe magudanar ruwa, aikin da za a bari a baya mutanen ƙauye su amfana. Tun da kwana 20 a jere ba zai samu ba, a maimaita gajerun fita sau da yawa cikin shekara, kowace ta ɗara ta baya wuya.

Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan haura awo 40, tafiya da kaya cikin irin wannan rana tana iya kisa. Cikin azumi ma a dakata. Ruwan sha ya wadata, kowane yaro ya sha kafin ƙishirwa ta kama shi, wanda ya fara jiri ko maganarsa ta rikice a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nemi asibiti nan da nan. Kowa ya sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta, a kwana cikin gidan sauro. Batun ruwa kuwa, ko da ya ke iyo yana cikin manyan darussan irin wannan horo, kada wani malami ya tura yara cikin madatsar ruwa ko kududdufi don kwaikwayon abin da ya ji ana yi a Apapa. Ruwan da ba ya gudu ya kan ɗauki tsargiya, nutsewa kuma ba ta ba da sanarwa. In ba gwanin ceto da rigunan iyo, a bar shi.

Sai maganar tsaro, wadda ba a yin wasa da ita. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren Ƙanƙara a cikin wannan jiha. An sako su bayan kwanaki, amma iyaye ba su manta ba, bai kuma kamata malamai su manta ba. Kafin a fita, tilas a sami izinin kowane uba a rubuce, a sanar da Hakimi da dagatan ƙauyukan da za a ratsa, a nemi shawarar 'yan sanda, in sun ce a fasa a fasa. Kwana ya kasance cikin gari, a harabar makaranta ko wurin da mai gari ya nuna, ba a tsakiyar daji ba. Kuma tun da Kongolam a bakin iyaka ta ke, a tsara hanya ta yadda ba rukunin da zai tsallaka cikin Nijar da kuskure.

'Yan mata masu wasa su ma suna fama da faɗuwar gaba a gaban taro, watakila fiye da maza, tun da ba su saba a zuba musu ido ba. A shirya musu nasu dabam, ƙarƙashin malamai mata, da yardar iyaye, tafiyar yini guda a komo kafin magariba.

Aikin malamin wasa na gaske yana farawa ne ran da aka dawo. Ya rubuta a littafinsa abin da ya gani ga kowane yaro, wane ya yi sanyi a ina, wane ya tsaya a ina. Sa'an nan ya kawo darasin cikin fili. Ya shirya wasan gwaji a fara da cewa an riga an ci su biyu, saura minti goma. Ya gayyaci mutanen gari su zo su yi ihu ranar atisaye. Ya ba yaron da ya ja rukuni a daji damar jan 'yan wasa na rabin lokaci. Ran gasa kuma, in ya hangi yaronsa a bakin layi yana lasar leɓe, ƙafa na rawa, ya matsa kusa ya tuna masa da sunan wurin da ya taɓa jin haka, da abin da ya yi a ranar har ya wuce.